In ta ce ƙas, ka tsaya

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na je sallar la'asar na dawo, tun daga bakin gareji na hango ɗaya daga cikin yarana ya ɗauko sifanar awo ta, wato tok renci, ya zura mata fayif a mariƙi ya ɗora ƙafa zai taka, wai notin hob ɗin wata mota ne ya ƙi motsi. Wallahi ban san sanda na ƙwala masa kira ba, har sai da maƙwabtanmu masu fenti suka leƙo. Yaron ya tsorata yace "Oga yi haƙuri, naga ita tafi sauran tsawo ne kuma tana da raci." Da na huce sai naga ai bashi da laifi sosai, wata takwas yana tare da ni ban taɓa zaunar da shi nace masa wannan ƙarfen ba sifana bace irin sauran ba, ma'auni ce, kamar sikelin mai nama ko mudun mai hatsi, kawai dai an ƙera ta da siffar sifana. Da muka tashi aiki ranar na tara su su huɗu na yi musu bayani, kuma abinda na faɗa musu shi nake so in rubuta anan, saboda nasan a gareji da yawa haka abin yake, ko dai babu ita kwata-kwata, ko kuma akwai amma tana can ƙasan akwatin kayan aiki guduma da filaya suna kwance a kanta.

Mu da muka koyi aiki a da, ba da lamba aka koya mana ɗauri ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, cewa yake ka ja har sai kaji notin ya kama, sannan ka ƙara masa kaɗan. Kuma ba zan raina hannunsa ba har abada, mutumin nan kusan duk rayuwarsa Fijo 504 da 505 ya yi, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna a lokacin, ya kwance injin ɗaya ya ɗaure sau ba adadi har hannun nasa ya haddace kowane noti, kuma bulok ɗin waɗancan motocin, wato gangar jikin injin, baƙin ƙarfe ne mai haƙuri, in ka ɗan zarce zai shanye. Amma mu yanzu fa? Da safe Corolla, kafin azahar Honda, da yamma Golf ko Sienna, gobe kuma wata da baka taɓa gani ba an shigo da ita ta Kwatano, kuma mafi yawansu bulok da tof silinda, wato kan injin, duk alminiyam ne. Wane hannu ne zai haddace wannan duka?

Ni abinda ya sa na sayi sifanar awo ba karatu bane, asara ce. Shekarun baya wani malamin makaranta ya kawo min motarsa ta ƙone gaskit, mutum ne mai ƙaramin ƙarfi, da ƙyar ya haɗa kuɗin kayan. Na kai tof ɗin aka goge min shi ya yi sumul, na sa sabon gaskit, na ɗaure da dogon ba, wato doguwar sandar ɗaure noti, yadda na saba, ina ji a raina na yi aiki mai kyau. Sati biyu sai ga shi ya dawo da ita ana ja, ruwan lagireto yana ƙarewa, da na zaro ma'aunin baƙin mai sai na ganshi fari-fari kamar kunun gyaɗa. Da na zo kwancewa, noti na farko da na biyu suka fito lafiya, na uku kuwa ina murzawa naji shi sakwaf, da ya fito sai ga tiredin bulok ɗin, wato zaren cikin ramin da noti ke hawa, ya biyo shi, alminiyam ya naɗe a jikin notin kamar siririn sifirin, na sa farce na warware shi a tafin hannuna. Wasu notukan na matse su fiye da kima, wasu kuma basu kai ba, tof ɗin ya zauna a karkace kenan. Malamin bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi "Malam, ni dai amana na baka." Wannan maganar ta fi zagi zafi a wurina. Daga aljihuna na biya masu sassaƙar ƙarfe suka sa wa ramin sabon tiredi, na sake sayen gaskit da notuka, kuma a watan nan na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na nemo sifanar awo ta farko.

Abinda mutane da yawa basu gane ba shine noti in ka ɗaure shi miƙewa yake, eh ƙarfe ne amma yana miƙewa ɗan kaɗan yadda ido baya gani, kuma wannan miƙewar ita ce take riƙe abu biyu su matsu, kamar roba da ka ja ka ɗaure kaya a bayan babur. In bai miƙe yadda ya kamata ba girgiza zata kwance shi, in ya wuce kuma ya mutu, ba zai koma yadda yake ba, ko ya karye ko ya cinye tiredin. Tok ɗin da muke aunawa kuwa ba komai bane illa ƙarfin da ka sa sau tsawon sandar da ka sa shi a kai, ana auna shi da niyuton-mita, shine Nm ɗin da kake gani a jikin sifanar. Bari in baka misali da zai tsaya maka a rai. Notin tayar Corolla da Camry 103 Nm kamfani yace, yawancin Accord da Civic kuma 108. To mai faci mai nauyin kilo 70 in ya hau kan fayif mai tsawon mita ɗaya ya tsaya kawai, ko tsalle bai yi ba, ya sa wa notin nan kusan 690 Nm, kusan ninki bakwai kenan. Shi yasa zaka ga Hajiya ta yi faci a hanyar Kano zuwa Zariya, ga safaya ga jak ga wil sifana amma maza uku sun taru sun kasa kwance noti ɗaya, ko kuma a ja sai kaji fas, sitod ya tafi.

Kuma ba wani sabon yayi bane da turawa suka ƙirƙiro jiya don su sayar mana da kaya. Kamfanin Norbar da ke garin Banbury a Ingila tun 1942 ya fara ƙera ta, lokacin yaƙin duniya na biyu, saboda ɗaure kan silindar injin Merlin na jiragen yaƙi, injin da in an yi kuskure a ɗaurinsa a sama za a gane.

Sifanar awo mai yin ƙas, wadda mafi yawanmu muke da ita, cikinta babu wani abin mamaki. Akwai sifirin mai ƙarfi a cikin bututun, in ka murza mariƙin kana matse sifirin ɗin ne, shi kuma yana danne wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ke tsakaninsa da wutsiyar kan sifanar. Kana ja kana ja, da zarar ƙarfin ya kai inda ka saita sai ɗan ƙarfen nan ya goce, wutsiyar ta bugi jikin bututun, shine ƙas ɗin da kake ji a kunne da kuma tafin hannu. To anan ne wasu suke kuskure, suna zaton in ta yi ƙas ta daina ɗauri da kanta. A'a wallahi, gocewar 'yar kaɗan ce, in ka cigaba da ja ta koma sandar ƙarfe kamar kowacce, zata cigaba da matse notin har ya karye. Ita dai ta faɗa maka, tsayawar taka ce.

Saitin ma sai an nutsu. Irin tawa ta farko mai 28 zuwa 210, lambobin jikin bututun ba goma-goma suke tafiya ba, sha huɗu-sha huɗu ne, 28, 42, 56, 70, 84, 98, 112 haka har sama, sannan a jikin mariƙin akwai ƙananan lambobi daga sifili. In ina son 103 sai in murza har bakin mariƙin ya zo kan layin 98 kuma sifilin ya daidaita da dogon layin tsakiya, sannan in ƙara biyar, sai in kulle makullin da ke gindi don kar ya goce ina cikin aiki. Kuma ka duba wane gefe kake karantawa, domin da yawa gefe ɗaya Nm ne ɗaya gefen ft-lb irin na Amurka, wasu tsofaffin na Japan ma kgf-m zaka gani. 1 ft-lb daidai yake da kusan 1.36 Nm, shi yasa 76 ft-lb da 103 Nm abu ɗaya ne, 1 kgf-m kuma kusan 9.8 Nm. Wanda ya fi cin mutane shine in-lb, wato awon inci, wanda sai guda 12 suke yin ft-lb ɗaya, in ka duba intanet a waya kaga an rubuta 89 in-lb a ƙaramin notin murfin bawul, wannan 10 Nm ne kacal, in ka ɗauka ft-lb ne ka saita 89 ka ninka ƙarfin sau goma sha biyu, kafin ta yi ƙas kan notin yana hannunka.

Wannan ya kawo ni kan maganar girma. Sifana ɗaya bata yin komai da komai, ko da ka ga lambar a jikinta. Amincinta yana tsakanin kashi 20 cikin ɗari na iyakarta ne zuwa sama, wato mai kaiwa 210 kar ka dogara da ita a ƙasa da 40 da wani abu, a can ƙasa ƙas ɗin ma a hankali take yinsa, in gareji da hayaniya ko janareto na aiki baza ka ji ba sai ka wuce. Notukan da muke kwancewa da sifana lamba 10 yawanci wajen 10 Nm suke so, na lamba 12 ko 13 wajen 25, kuma sune suka fi karyewa a hannun yara. Saboda haka ni uku nake da su yanzu, babba mai bakin rabin inci don taya da ƙasan mota, matsakaiciya mai 3/8 don fulogi da notin juyen mai da birki, da kuma 'yar ƙarama mai kwata don murfin bawul da kwanon mai. Ba rana ɗaya na saye su ba, a hankali ne. In kuɗin ɗaya kake da shi ka duba aikin da ka fi yi.

Yadda ake ja kuma, ka riƙe a tsakiyar mariƙin, wasu har layi suke da shi a wurin, kar ka riƙe a tsakiyar sanda kuma kar ka ƙara fayif, domin an auna ta ne a kan cewa hannunka yana wurin. Ɗayan hannun ka tallafe kan sifanar don soket ɗin ya zauna a miƙe. Ka ja a hankali, ja ɗaya mai tafiya ba fizga ba, kuma ka tsara yadda notin zai kasance yana cikin juyawa lokacin da ƙas ɗin zai zo. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci sosai kuma ba kowa ya sani ba. Noti da yake tsaye yana buƙatar ƙarfi fiye da wanda yake tafiya kafin ya motsa, to in ka tsaya dab da kaiwa ka sake kamawa tana iya yin ƙas alhali bai kai ba. Haka kuma in aka riga aka matse taya da bindigar iska har ta wuce, sannan aka ɗauko sifanar awo aka bi notukan ƙas ƙas ƙas don mai mota ya gani, ba a auna komai ba, abinda kawai ta faɗa shine notin ya kai 103 ko ya wuce, zai iya zama 200 ne. Ina ganin wannan a manyan wuraren taya masu kyan gini kuma yana min ciwo, domin mai mota ya tafi da kwanciyar hankalin da ba gaskiya ba. In ta yi ƙas ba tare da notin ya juya ko kaɗan ba, ka sassauta shi da wata sifanar ka sake. Kuma ƙas ɗaya ya isa, masu yin biyu uku wai don tabbatarwa kowane ɗaya ƙara matsi yake.

Taya dai ka fara ɗaura notukan da hannu don kar tiredi ya hau a karkace, ka ɗan matse su ana tsallake-tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ka sauke motar taya ta taɓa ƙasa sannan ka auna, nan ma a tsallake. Ka ce wa mai motar ya dawo bayan ya yi kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa musamman in rim ɗin alminiyam ne, minti biyu ne kuma bana karɓar ko sisi a kai.

Sai maganar mai a jikin tiredi, wadda na fi yin gardama da abokan aiki a kanta. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da kake sawa gogayya ce take cinye shi, a ƙarƙashin kan notin da kuma cikin tiredin, ɗan abinda ya rage ne yake miƙar da notin. To kaga in littafin gyaran motar ya bada lamba a kan busasshen tiredi kai kuma ka shafa giris, ka rage gogayyar, sifanar zata yi ƙas a lambar da ka saita amma notin ya miƙe fiye da yadda aka so. In kuma tsatsa ce da ƙasa a tiredin sai akasin haka, ta yi ƙas notin bai kama ba. Notin taya a bushe ake ɗaure shi, ka goge shi da burushin waya kawai. Fulogi ma kamfanin NGK da kansu suna cewa kar a shafa wa nasu man hana kamewa, akwai abinda suka riga suka lulluɓe tiredin da shi, kuma mai tiredi milimita 14 da wosha a kan tof na alminiyam 25 zuwa 30 Nm suka ce, injin kuma ya huce tukuna. Amma notukan tof na injin 1ZZ na Corolla littafin cewa ya yi a ɗan shafa musu baƙin mai. Kaga kenan ba doka ɗaya bace, abinda littafin wannan injin ya ce shi za a bi. Kuma ramukan bulok ɗin ka busa su da iska ka tabbatar babu ruwa ko mai kwance a ciki, in akwai notin zai danne ruwan ne, ta yi maka ƙas na ƙarya, wani lokacin har bulok ya tsage.

Tunda na ambaci 1ZZ bari in shiga maganar mai batir, wato dijital, don a irin wannan aikin ne na ga amfaninta. Notukan tof ɗin guda goma ne, ana farawa daga tsakiya a fita waje, a hankali zagaye bayan zagaye har a kai 49 Nm, sannan kowanne a ƙara masa digiri 90. Wannan ƙarin na digiri saboda matsalar gogayyar nan ne da na faɗa, kwana, wato iya juyin da ka yi wa notin, baya ƙarya, in ka juya noti kwata ka san iya tafiyar da ya yi ko da mai ko babu. Da can ɗigon fenti nake sawa a kan kowane noti ta gaban injin in juya har ɗigon ya kalli gefe, kuma har gobe hanya ce mai kyau, littafin ma haka ya nuna. Amma a wurin da babu sarari, inda sai ka ja kaɗan ka dawo ka sake kamawa, dijital mai auna kwana tana tara maka lissafin, 30 da 35 da 25 har ya cika. Irin waɗannan notukan da ake ƙara wa digiri kuma ana kai su dab da iyakar miƙewarsu ne, saboda haka kafin ka maida tsoho ka auna shi yadda littafi ya ce, in ya sirance ka yar, wasu motocin ma sabo kawai aka yarda a sa.

Ita dijital babu sifirin a cikinta, wani siririn abu ne manne a jikin sandar da yake jin 'yar lanƙwasar da ƙarfen ke yi in ka ja, ya maida ita lantarki, allon ya nuna maka lamba. Tafi mai ƙas daidaito, da yawa kuskurensu baya wuce kashi 2 cikin ɗari inda mai ƙas take kashi 4, tana canza Nm zuwa ft-lb da danna maɓalli ɗaya, kuma tana riƙe maka lambar ƙarshe da ka kai don ka gani da idonka ko ka zarce. Amma tana da nata halin. Yawancinsu basa gocewa ko kaɗan, fitilu ne suke kamawa ɗaya bayan ɗaya, ta yi ƙara, wasu su yi rawa a hannu, to wanda ya saba jiran ƙas sai ya wuce kafin ƙwaƙwalwarsa ta ce tsaya. Satin farko da na saye ta na sa 49 ina ganin 54, 55 a allo, sai da na koyi sassauta ja da zarar fitilar farko ta kama. Sannan in zaka kunna ta ka ajiye ta a kan benci kar ka taɓa, kar a ce tana kan noti, domin a lokacin ne take ɗaukar sifilinta, in ta tashi da nauyi a kanta duk awon ranar ya karkace. Batir kuma in zaka yi sati biyu uku baka taɓa ta ba ka cire shi, zafin garin nan namu batir mai araha yana zubar da ruwa ya cinye ƙarafunan ciki, na ga wadda ta mutu a haka a hannun wani abokina bata yi shekara ba. Kar ka barta a kan bonet cikin rana allon zai yi baƙi, kar ruwan wanki ya taɓa ta. Ni a ganina bakaniken da ke aiki a fili cikin ƙura ya fara da mai ƙas mai kyau, dijital ta biyo baya in aikin inji ya yi yawa. Akwai ma wani ɗan ƙaramin dijital mai kamar akwatin ashana da ake sawa tsakanin ba da soket, bai kai cikakkiyar tsada ba kuma yana taimakawa.

Ajiyar mai ƙas kuwa abu ɗaya ne na fi nanatawa, in ka gama ka murza ta ta dawo lamba mafi ƙanƙanta da ke jikinta. In ka barta a 120 wata da watanni sifirin yana matse, a hankali zai gaji, sai ta rinƙa yin ƙas kafin lokaci kai kuma baka sani ba. Amma kar ka wuce ƙaramar lambar ka warware ta gaba ɗaya, kayan cikin suna iya gocewa daga mazauninsu. Akwai waɗanda basa buƙatar haka, irin Manoskop na kamfanin Stahlwille na Jamus, su ginin cikinsu daban ne, amma irin da ke kasuwarmu kusan duk masu sifirin ne. Kar a wanke ta da fetur ko a tsoma ta a kananzir yadda muke wa sauran kaya, akwai giris ɗin kamfani a ciki kuma da shi aka auna ta, tsumma busasshe ya isa. Ta koma cikin akwatinta na roba kullum, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. In ta daɗe a ajiye, kafin ka hau aikin gaske ka ɗan sa ta yi ƙas sau biyar ko shida a ƙaramar lamba, a kan notin taya misali, giris ɗin ya warware. In ta faɗi daga kan mota zuwa siminti kar kace ai ba ta fashe ba, sai an gwada ta. Kwance noti kuma ba aikinta bane ko da tana da maɓallin juyawa baya, tsohon noti mai tsatsa yana iya neman ninkin abinda aka ɗaure shi da shi.

Ƙa'idar da masu ƙera ta suke bi, ISO 6789, cewa ta yi a sake auna sifanar duk wata 12 ko bayan amfani 5,000, duk wanda ya riga zuwa. Masu aikin jirgin sama da kamfanonin mai suna aikawa da nasu a gwada a basu takarda, mu kam a gareji abinda nake yi gwajin jarka ne, ba zai maye gurbin na'ura ba amma zai tona asirin wadda ta lalace, kuma da shi nake gwada ta gwanjo kafin in yarda da ita, don ta gwanjo baka san sau nawa ta faɗi ba kafin ta iso hannunka. Zaka kama ɗan murabba'in bakin sifanar a bais, wato maƙatar ƙarfe ta kan benci, sandar ta miƙe a kwance sambal, ka auna da tef daga tsakiyar bakin zuwa tsakiyar mariƙin, ka rataya nauyin da ka sani a daidai wurin. Lissafin shine kilo sau 9.81 sau tsawon a mita.

Ran Litinin da safe kafin motoci su fara shigowa haka muka yi da yaron nan, don duk da bai kai ga takawa ba hankalina bai kwanta ba. Na aike shi ya karɓo jarka ɗaya wajen mai ga-ruwa, muka ɗora a sikelin mai gas na kusa da mu muka rage ruwan har ta tsaya kilo 25 cif, tsawon kuma ya kama santimita 40, na bashi waya ya buga da kansa ya samu 98. Na saita 95, ya ɗaura igiya ya saki jarkar a hankali yana tallafe da gindinta, tana gama sauka muka ji ƙas. Na saita 102, ya sake saki, jarkar tana lilo shiru babu ƙas, sai da ya ɗan danna da yatsa biyu sannan ta yi. Ya ɗago ya kalle ni yace "Oga ashe da gaske aunawa take." Na ce masa ya murza ta ya dawo da ita 28 ya sa a akwati, sannan na bashi kuɗi ya je Ƙofar Ruwa ya sayo dogon ba mai kauri na kwance noti, muka shafa wa mariƙinsa jan fenti muka rataye shi a ƙusa kusa da ƙofa inda hannu zai fara kaiwa. Motar farko da ta shigo ranar Corolla ce mai canjin birkin gaba, shi na bari ya ɗaure tayoyin, ina tsaye a bayansa yana karanta 98 da biyar a fili.